Kwanon Abdussalam

"Ba haka ake riƙe mata kofin ba," in ji Nuraini. Ta fizge shi daga hannun ƙanwarta har kunun ya fantsama a tabarma.

Shuhada ta janye hannunta, ta goge a zani. Ita kuwa Iya da ake faɗan a kanta ta riga ta shanye rabin kunun daga hannun Shuhadar, har da maganin da aka murƙushe a ciki, ko yamutsa fuska ba ta yi ba. Abin da ya ɓata wa Nuraini rai ke nan. Shekara shida tana gaya wa duk mai kunnen ji a unguwarsu ta bayan tashar jirgin Nguru cewa Iya ba ta karɓar komai sai daga hannunta. Ga shi yarinyar da ta sauka daga motar Gashuwa jiya da yamma ta ƙaryata ta tun kafin hantsi ya dubi ludayi.

"Shuhada, matso nan," in ji Iya. "Wa ya yi miki wannan kitson? Ya yi kyau."

Nuraini ta ɗauki tsumma ta hau goge tabarmar da ƙarfi. Shuhada. Sunan yana fita daga bakin Iya gaba ɗayansa, ba a gutsure masa ko harafi ba. Ita kuwa 'yar fari ce, uwa ba ta kama sunan 'yar fari, ba ta yabonta a bainar jama'a, ba ta ma son a ga tana kallonta. Nuraini ta san al'ada ce, ta san ko uwar Iya haka ta yi wa Iya can Haɗeja. Amma sanin bai taɓa rage mata zafin ba. Ita ce mai wanka, ita ce mai wanki, ita ce mai kwana da gefen zaninta ɗaure da na Iya don kada ta fita, amma sunanta a gidan nan "ke" ne, in an ji daɗi a ce "yarinyar nan".

Tana da shekara goma aka tsamo ƙaninsu Abdussalam daga tafki. Ya bi mahaifinsu sayen kifi ne wurin masunta, aka juya baya, shi ke nan. Iya ba ta yi kuka ba a ranar, ba ta kuma yi ba bayan nan, sai dai ta daina barci, ta daina gane mutane. Mahaifinsu ya jure na 'yan watanni, sannan ya hau motar shanu ya yi Kudu, yanzu sai saƙo jefi-jefi. Ƙanwarsa Gwaggo Rahima ta zo daga Gashuwa ta dubi yaran biyu. Babbar ta isa hura wuta, ƙaramar ba ta isa ba. Ta ɗauki ƙaramar ta sa ta makaranta, babbar ta ajiye jakarta a aji huɗu ta ɗauki muciya.

Yau kuma Gwaggon ce zaune a kan kujera 'yar tsugunne tana ɗaure kayan Nuraini a jakar buhu, domin an yi musaya. Shuhada za ta dawo Nguru ta ci gaba da karatunta a nan, tsohuwa Gogo ta maƙwabta ta riƙa zama da Iya da safe. Nuraini za ta bi Gwaggo Gashuwa, inda aka sama mata gurbi a makarantar mata mai koyar da karatu da ɗinki. Abin da ta yi shekaru tana roƙon Allah ke nan duk lokacin da Shuhada ta zo hutu da farin hijabinta da takalmin makaranta. Da addu'ar ta karɓu kuma sai ta ji kamar an shigo an kwashe mata kayan ɗaki.

"Wannan zanin duk warin banda yake," in ji Gwaggo, tana sinsinawa. "Ba ki da wanda bai sha hayaƙi ba?"

"Duk haka suke, Gwaggo."

Da bandar kifi suke ci. Wani ɗan kasuwa ke kawo musu ɗanye daga bakin ruwa, Nuraini ta gyara ta banda, ya biya ta ya kuma bar musu na miya.

Aka yi sallama daga zaure da wata murya mai karin Barno. Malama Yagana ce, da jakarta a kafaɗa. Daga jami'a take a Maiduguri, tana bincike a kan yaran da ke jinyar iyayensu, kuma a layin karɓar maganin masu taɓin hankali na asibiti ta tsinci Nuraini bara, yarinya riƙe da katin uwa da hannun uwa. Tun daga nan take zuwa, ta kunna 'yar rikodarta, ta yi tambaya ɗaya, ta yi shiru. Ita ce ta yi ta sintiri tsakanin likita da Gwaggo har aka shirya wannan musayar. Nuraini tana sonta, musamman da yake duk duniya ita kaɗai ce ke zuwa gidan nan don ita.

Suka zauna a inuwar darbejiya, nesa da ɗaki. Kaset ya fara juyawa.

"Yau ce ranar," in ji Malama Yagana. "Yaya kike ji?"

"Lafiya lau."

"Kin yi barci?"

"Shuhada ce ta kwana a shimfiɗata kusa da Iya. Ni a kan buhuna na kwana."

Malamar ta gyaɗa kai. Ta ce ta yi magana da yara irinta a Jakusko da Yusufari da nan Nguru, kuma da yawansu ranar da aka ce su huta, ranar suka fi rashin sukuni. Wani yaro ma da aka kwantar da babansa a asibiti, aka ce ya je gida ya yi wasa, sai ya tsaya a ƙofar ɗakin yana gyara wa nas yadda ake juya majiyyaci.

"Ni ba haka ba ce," in ji Nuraini. "Ni dai na san ba za su iya ba."

"Likita ya ce ta samu sauƙi sosai a shekara biyun nan."

"Likita yana ganinta ne tana zaune a kan benci. Malama, har yau fa tana zuba masa abinci."

Malama Yagana ta san zancen kwanon, ita kaɗai ta sani. Aikin gida ɗaya ne Iya ba ta taɓa saki ba, shi ne rabon abinci. Nuraini za ta dafa ta sauke, Iya ta karɓi mara ta raba. Kullum bayan azahar sai ta cika wani ƙaramin kwanon sha mai shuɗin baki, ta ɗora kan kifi a sama, ta rufe da faifai, ta kai bayan ɗaki ta ajiye a kan tsohon turmi. Na Abdussalam ne. In an yi la'asar ta je ta duba. Sau ɗaya a shekarar farko ta tarar ba a taɓa ba, ta fita ba takalmi ba mayafi tana kiran sunansa, sai masunta ne suka dawo da ita jiƙe har ƙirji. Tun daga ranar Nuraini ke zagayawa ta bayan banda, ta tsugunna ta cinye abincin da sauri, ta mayar da faifan. Iya ta zo ta ga kwano wayam, ta yi hamdala, a kwana lafiya.

"Kuma kan kifi," in ji Nuraini. "Yaron da tun da ƙaya ta taɓa maƙale masa ko miyar kifi ba ya so. Ko wannan ba ta tunawa. Wai ta samu sauƙi."

Abin da ba ta faɗa wa rikoda ba shi ne, duk duniya ba abin da take so kamar kan kifi. Kullum tana tsotsar ƙasusuwan a bayan ɗaki tana jin haushi, domin ba ita aka ba ba. Wanda ya mutu ya fi ta samun rabo mai kyau, ita sai dai ta ci a matsayin ɓarauniya. Tana kishin yaro ɗan shekara biyar da ke kwance a maƙabartar bayan gari, tana kuma jin kunyar kishin.

"Kin gaya wa Shuhada yadda ake yi da kwanon?"

Nuraini ta dubi kaset ɗin yana juyawa.

"Na gaya mata," in ji ta.

Ba ta gaya mata ba. Ta nuna mata magani, ta nuna mata ɗaurin zani, ta gaya mata a riƙa rufe randa da baho don Iya ba ta son ganin ruwa a buɗe. Kwanon kuwa ta riƙe shi a cikinta. Ba ta zauna ta ƙulla wani abu ba. Ta dai san in la'asar ta yi aka tarar da abinci ba a taɓa ba, gidan zai hargitse, gobe da sassafe a aika Gashuwa a ce Nuraini ta dawo, ba wanda ya iya sai ita. Tana son ta ji an faɗi hakan, ko da sau ɗaya ne.

Sai ga Malama Yagana ta ɗaga hannu ta yafito Shuhada. Nuraini ta bi ƙanwarta da harara. Har rikodar ma sai an raba da ita? Me ta sani game da jinya, yarinyar da hannunta ko kanta babu?

"Ke kuma fa?" in ji malamar. "Za ki bar ƙawayenki a Gashuwa. Ba ki ji zafi ba?"

Shuhada ta tsugunna tana wasa da bakin hijabinta. "Ni na ce a dawo da ni."

"Saboda me?"

"Ni aka zaɓa aka bayar," in ji ta a hankali. "Yaya aka bari da Iya."

Nuraini ta yi wata 'yar dariya ta hanci. Wato har abin da ta rasa ma sai an ƙwace mata, a ce ita ce ta ci riba. Ta tashi ta ce miyarta za ta kama, ta bar su nan.

Ta yi miyar kuka da tarwaɗa, ta tuƙa tuwon gero ta sauke, ta rufe. Kafin azahar Gwaggo ta fara azalzala, ta ce hanyar Gashuwa ba ta yamma ba ce, ramuka sun cinye ta. Nuraini ta sa takalmi, ta durƙusa a ƙofar ɗaki. Shuhada na zaune a bayan Iya tana tsefe mata kai, a daidai inda Nuraini ke zama, da matajin da Nuraini ta saya.

"Iya, zan tafi."

Iya ba ta ɗago ba. Ta dubi wajen ƙafar Gwaggo ta ce, "Rahima, yarinyar nan ba ta faɗa in tana jin yunwa. Sai an lura."

"Za a lura," in ji Gwaggo.

Shi ke nan sallamar. Nuraini ta ɗauki jakarta ta fita, idonta a bushe, zuciyarta na tafasa.

A tasha suka sami bas ɗin Gashuwa rabinta mutane rabinta kwalayen kifi da buhunan barkono. Gwaggo ta kama musu kujerar bayan direba, ta sayi rake ta miƙa mata, Nuraini ta ce ta ƙoshi. Kwandasta yana ta ihun saura mutum biyu, duk da ya faɗi hakan tun kafin su zo. Aka kira azahar, maza suka sauka suka yi salla suka dawo, motar ba ta cika ba. Wata Bafulatana da ƙwaryar nono a cinya ta yi barci a kafaɗar Gwaggo.

Nuraini ba ta saba zama hannu biyu a cinya ba. Ta gyara jaka, ta gyara hijabi, ta ƙirga kwalaye ta bari. Yanzu Iya ta karɓi mara. Yanzu ta ɗora kan kifin. Yanzu ta zagaya bayan ɗaki, Shuhada na kallonta ba ta san me ake yi ba. Da farko ta ji daɗin tunanin, irin daɗin da ake ji in an danna wurin da ke ciwo. Ta hango Shuhada da kitsonta mai kyau tana kuka a ƙofar gida, Gogo tana salati, ana cewa ina Nuraini.

Inuwar rumfar mai shayi ta fara miƙewa zuwa tayar mota. Sai hoton ya ƙi tsayawa a ƙofar gida inda ta ajiye shi. Ya bi lungu, ya tsallake layin dogo, ya gangara bakin ruwa. Bana ruwa ya cika fiye da na waccan shekarar, kuma ranar kasuwa ce, masunta duk suna cikin gari. Shuhada ba ta san hanyar da Iya ke bi ba. Gogo kuwa da sanda take tafiya.

"Saura mutum ɗaya!" in ji kwandasta, wannan karon da gaske.

Nuraini ta miƙe har kanta ya bugi rufin mota. "Gwaggo, na yi mantuwa."

"Mantuwar me? Zauna, a aiko miki."

"Ba ya aikuwa."

Ta tsallake ƙafafun mutane ta dira. Gwaggo ta leƙo ta taga tana cewa ba za ta hana direba tashi ba fa, in ta daɗe ta san inda dare ya yi mata. Nuraini ta haye bayan ɗan acaɓa da jakarta a kafaɗa, ta ma manta ba ta ajiye ta ba. Suna tsallake layin dogo aka fara kiran la'asar.

Ƙofar gidan a rufe take yadda ta bar ta. Ba kowa a lungu sai awaki. Ba ta shiga ta tsakar gida ba, ta bi hanyarta ta kullum, ta raɓa ta bayan banda ta fito bayan ɗaki, tana haki. In Allah ya sa Iya ba ta riga ta duba ba, loma biyar ta isa.

Turmin na nan, ba komai a kansa. Ba kwano, ba faifai.

Ta zagayo da gudu.

Iya na zaune a tabarma a inuwar darbejiya, an gama mata kitso, tana tsince wake a tire. Shuhada na alwala a bakin rariya. Can kan kwandon wanke-wanke ga kwanon mai shuɗin baki a kife, busasshe, ko alamar miya babu a jikinsa.

"Yaya?" in ji Shuhada. "Motar ta lalace ne?"

Nuraini ba ta ko kalle ta ba. Ta tsaya a gaban Iya, jaka a kafaɗa, gumi na bin wuyanta.

"Iya, yau ba ki zuba wa Abdussalam ba."

Iya ta ɗauke wata tsakuwa daga cikin waken ta jefar. Nuraini ta zaci maganar ta wuce ta kamar yadda maganganu ke wuce ta a da.

"Wa zai ci?" in ji Iya, idonta a kan tire. "Mai cin ta tafi Gashuwa."

Shuhada ta tsaya da buta a hannu tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya, ba ta gane komai ba. A wani lokacin da wannan kaɗai ya ishi Nuraini jin daɗi. Yanzu kuwa ko ta kan ƙanwar ba ta bi ba.

"Tun yaushe?" Nuraini ta tambayi Iya.

"Da can nasa ne," in ji Iya. Ta ture waken gefe guda da yatsa. "Allah ya ji ƙansa. Shi da ko warin kifi ba ya so." Sannan ta ƙara, kamar da waken take magana, "Mutum in an miƙa masa ya ce ya ƙoshi. In an bar masa a tukunya ya juye wa uwarsa."

Ta ajiye tiren, ta dafa ƙasa ta miƙe da kanta. Nuraini ta kai hannu za ta tallafe ta, kamar kullum, sai ta ga ba a bukata, ta mayar da hannun. Iya ta je ta ɗauki kwanon ta ɗauraye, ta buɗe tukunya. Kan tarwaɗar na nan a gefe, ba wanda aka ba. Ta gutsuro tuwo, ta zuba miya, ta ɗora kan a sama, ta ɗauki faifai za ta rufe. Har ta juya ta fuskanci bayan ɗaki.

Nuraini ta tare hanyar, ta miƙa hannu biyu.

Iya ta kawar da fuska, kamar yadda ya kamata uwa ta yi a gaban 'yar fari. Amma ta sakar mata kwanon.

A waje ɗan acaɓan ya danna hon, yana tambaya ko ya jira ko ya tafi.

"Ce masa ya jira," in ji Nuraini.

Shuhada ta ruga zaure. Nuraini ta zauna a tsakiyar tabarma, inda kowa ke iya ganinta, ta yi bismilla. Ta fara da kumatun kifin, a hankali, ba ta waiwaya ko sau ɗaya ba. Takalmanta na ƙafarta, jakar kuma ba ta sauke ta daga kafaɗa ba.